WAI KATUN NE, NA YARA NE: WA YA BA DA WANNAN FATAWA?

Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Wannan magana gaskiya ce, amma tana da sharaɗi, wato sai in babban ya ɗaga kai ya duba. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa shi ne wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a gidajenmu, inda za ka ga magidanci ya hana ɗansa cin abincin da bai san wanda ya dafa ba, amma kuma ya zaunar da shi gaban akwatin talabijin awa ɗaya da rabi yana kallon fim ɗin da shi uban bai taɓa ganin ko minti biyar daga cikinsa ba. In ka yi magana sai a ce maka, "Haba Malam, ai katun ne, na yara ne." Mu kuwa tambayar da muke yi ita ce, wa ya ba da wannan fatawa, kuma a wane littafi ya samo ta?

Bari mu faɗa wa mai karatu abin da ya jawo maganar. A babbar sallar shekarar 2024, wadda ta faɗo a tsakiyar watan Yuni, damina ta kankama, mun je gaisuwa gidan wani maƙwabcinmu a nan Kinkinau. Mata suna can ciki suna fama da suyar nama, maza muna ƙofar gida muna hira, yara kuwa kimanin goma sha biyar, daga 'yan shekara uku zuwa goma sha biyu, an tara su a falo, an tayar da janareto, an sa musu wani fim mai suna Shrek domin a huta da ƙiriniyarsu. An kuwa huta, domin ba ka jin komai sai shewa da dariya. Washegari da hantsi muka tarar da uku daga cikin ƙananan a bakin kwata, sun kama wani kwaɗo, sun zare ruwan biro sun sa masa bututun a baki suna hurawa. Da muka tsawata musu, sai babban cikinsu, wanda bai wuce shekara shida ba, ya ce ai balan-balan suke so su yi da shi kamar yadda dodon jiya ya yi.

Da maganar ta kai majalisar da muke zama bayan la'asar, sai ta rabu gida biyu. Maigidan da aka yi kallon a falonsa ya yi dariya ya ce yaro ai yaro ne, mu ma mun jefi ƙadangaru a zamaninmu ba tare da mun ga katun ba. Wani maƙwabcin kuma ya ce ai shi tuni ya faɗa, duk wani katun makircin Turawa ne, maganinsa a haramta shi baki ɗaya. Da muka tambaye su ko akwai wanda ya taɓa zama ya kalli fim ɗin daga farko zuwa ƙarshe, sai aka yi shiru. Mai karewa bai gani ba, mai tsinewa ma bai gani ba. Wannan ne ya sa muka nemo shi muka kalla har sau biyu, kuma da waɗannan ɓangarori biyu ne muke son mu yi jayayya a nan.

MENE NE A CIKIN FIM ƊIN?

Kamfanin DreamWorks na Amurka ne ya fitar da Shrek a shekarar 2001, an kuma ɗauko tushen labarin daga wani ɗan littafin yara mai hotuna da William Steig ya wallafa a 1990. Fim ɗin ya samo sama da dala miliyan 480 a duniya, shi ne kuma na farko da ya ci kyautar Oska ta dogon fim ɗin katun a 2002. Saboda haka ba wani tarkacen fim muke magana a kai ba, aiki ne na gwanaye. Labarin wani koren dodo ne da ke zaune shi kaɗai a fadama, wanda wani gajeren sarki azzalumi ya tura ya ceto masa gimbiya daga hannun wata ƙatuwar dabba mai aman wuta. Dodon ya tafi tare da wani jaki mai surutun tsiya, a hanya ya kamu da son gimbiyar, daga ƙarshe ta bayyana cewa ita ma dodanniya take komawa in rana ta faɗi. Darasin da ake son a ɗauka shi ne kyan hali ya fi kyan fuska. Wannan darasi ba mu da ja a kansa.

Amma mu duba hanyar da aka bi kafin a kai ga darasin. Fim ɗin ya buɗe ne da dodon yana karanta littafin tatsuniya, sai ya kece da dariya, ya yage shafi guda, sannan aka nuna mana ashe a masai yake, kuma mai hankali ya san amfanin da ya yi da takardar. Daga nan ya yi wanka da taɓo, ya saki tusa a cikin ruwa har kifi ya taso matacce, ya zaro dattin kunnensa ya kunna a matsayin kyandir. Can gaba an nuna sarki yana gana wa wani ɗan mutumin biskit azaba, an karya masa ƙafafu ana tsoma shi cikin madara domin ya tona asiri. Gimbiya ta rera waƙa da wata tsuntsuwa har tsuntsuwar ta fashe, ta kwashe ƙwanta ta soya musu karin kumallo. Dodo ya hura kwaɗo, gimbiya ta hura maciji, suka sake su sama suna dariya, kuma a nan yaran unguwarmu suka samo fasaharsu. Ban da wannan akwai maganganu masu harshen damo, irin wadda dodon ya yi da ya ga tsawon fadar gajeren sarkin, wadda babba ne kawai zai gane inda ta dosa, kuma ba za mu iya fassara ta a wannan mujalla ba.

Akwai kuma wani abu da mu marubuta ya kamata mu fi kowa lura da shi. Fim ɗin gaba ɗayansa shaguɓe ne ga tatsuniyoyin Turawa. Duk 'yan wasan da suka cika shi, irin su yaron katako da hancinsa ke ƙara tsawo in ya yi ƙarya, da aladu uku, da ɓeraye uku makafi, da gimbiyar da ke kwance cikin akwatin gilashi, an ɗauko su ne daga labaran da ɗan Bature ya sha tun yana goye. Daɗin abin shi ne a ga an juya labarin da aka sani a baibai. To, yaron Kinkinau ɗan shekara biyar da bai taɓa jin ko ɗaya daga cikin waɗannan labarai ba, bai kuma jin Turancin da ake yi da sauri kamar ana tankaɗe, me ya rage masa? Abin da ya rage masa shi ne tusa, da duka, da kwaɗon da aka hura. Shaguɓen ya wuce ta saman kansa, darasin ma ya bi shi. Hasali ma fim ɗin da ke cewa kada a raina mutum saboda halittarsa, shi ne kuma ya shafe tsawonsa yana yi wa sarki ba'a saboda gajarta. Babba zai iya warware wannan tufka da warwara, yaro ƙarami kuwa ba'ar ce za ta zauna masa.

GA MASU CEWA AI NA YARA NE

Kuskuren farko na mutanenmu shi ne ɗaukar cewa zane mai motsi wani nau'in labari ne da aka keɓe wa yara. Katun hanya ce kawai ta isar da labari, kamar yadda alƙalami yake. Da alƙalamin da aka rubuta littafin koyon karatu na 'yan aji ɗaya, da shi ake rubuta takardar saki. Tom and Jerry da muke ganin kamar don yara aka yi shi, tun daga 1940 a gidajen sinima aka riƙa nuna shi ga manya da yara kafin a sa babban fim, kuma a 2006 sai da aka yi alƙawarin yanke wasu wuraren shan taba daga cikinsa a Ingila bayan an kai ƙara. A 2016 an fitar da wani katun a Amurka mai suna Sausage Party, wanda in ka ga hoton bangonsa, kayan abinci ne masu idanu suna murmushi, amma batsar da ke cikinsa ta sa aka hana 'yan ƙasa da shekara 17 shiga kallonsa sai tare da babba.

Ba sai mun je Amurka ba ma. A maƙwabciyarmu Nijar, marigayi Mustafa Alasan, wanda ya rayu daga 1942 zuwa 2015 kuma ya daɗe yana zaune a Tawa, yana cikin 'yan Afirka na farko da suka yi fim ɗin zane mai motsi. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki cikin fareti da bushe-bushe. Duk wanda ya san yadda shugabannin Afirka na wancan lokaci suke son a yi musu tarba ya san da wa ake. Zambo ne na siyasa da aka yi wa manya, ko da yake kwaɗi ne a ciki.

Wani zai ce ai akwai hukumomin da ke tace fina-finai suna buga musu hatimi. Gaskiya ne akwai. Amma mu tambayi kanmu, da mudun wa aka auna? Shi wannan Shrek ɗin, a 2001 Amurkawa sun buga masa hatimin PG, wato iyaye su sa ido domin akwai abin da bai dace da ƙananan yara ba, alhali hukumar Ingila ta ba shi hatimin U, wato na kowa da kowa. Fim ɗaya, ƙasashe biyu masu harshe ɗaya, hukunci biyu. Haka kuma fim ɗin Kiriku, wanda Bafaranshe Michel Ocelot ya yi a 1998 daga tatsuniyoyin Afirka ta Yamma, yaran Faransa sun kalle shi ba tare da wata hayaniya ba, amma ya sha wahalar samun masu rarraba shi a Amurka da Ingila saboda an zana matan ƙauye ba riga. Ke nan kowace al'umma da abin da take jin kunya. In Ingila da Amurka ba su yarda da mudun juna ba, don me mu za mu karɓi nasu ido rufe?

A nan gida muna da Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa da doka mai lamba 85 ta 1993, kuma tana da nata alamomi, daga G na kowa da kowa har zuwa 18. Sai dai ta yaya fim yake shigowa gidajenmu a yau? Yaro ne za a ba 'yan canji ya je shagon masu turin fina-finai a Tudun Wada ko Unguwar Mu'azu ya ce a zuba masa katun a memori. Mai shago ya kwashi duk abin da ke cikin jakar da ya rubuta wa suna katun a kwamfutarsa ya juye masa, ba kwali, ba hatimi, ba bayani. Ko kuma uwa ta miƙa wa yaro wayarta ta buɗe masa YouTube, wannan ya ƙare wancan ya hau da kansa. Babu jami'in hukuma da zai tsaya tsakanin wannan waya da wannan yaro. Hukumar da ta rage ita ce uwa da uba, su kuwa sun ajiye aiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da jariri ko ɗan shekara ɗaya gaban allon kallo, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuwa kada su wuce awa ɗaya a yini. Shrek minti 90 ne. Tun kafin a zo maganar abin da ke ciki, tsawonsa kaɗai ya wuce ƙa'ida ga 'yan shekara ukun da muka gani a falon nan.

AI TATSUNIYARMU MA HAKA TAKE

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da aka kawo mana, kuma wani abokin aikinmu malamin Hausa ne ya kawo ta. Ya ce mu daina munafunci. Gizo maƙaryaci ne, ɓarawo ne, mayaudari ne, ya cuci Ƙoƙi ya cuci kura ya cuci giwa, kuma da shi aka raine mu. Dodo yana haɗiye 'yan mata, kishiyar uwa tana azabtar da marainiya. Wanda ya leƙa tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tara cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913 zai ga abubuwan da ba zai iya karantawa a gaban surukarsa ba. To don me za mu ga baƙin koren dodon Amurka mu manta da namu?

Mun yarda da duk wannan, kuma ba mu cikin masu cewa al'adarmu tsarkakakkiya ce ta wasu ce mai datti. Amma abokin namu ya manta da mutum ɗaya, wato mai ba da tatsuniyar. Kaka ce take zaune, jikoki sun kewaye ta, tana kallon fuskokinsu. In ta ga ƙaramin ya fara maƙalewa a jikin yayarsa, sai ta rage wa Dodo haƙora. In akwai wurin da bai dace da kunnen 'yan ƙanana ba, sai ta tsallake shi, ta ajiye shi sai sun yi barci. In Gizo ya yi ta'asa, yara suna ganin yadda ta taɓe baki, daga nan suke gane cewa abin dariya ne amma ba abin koyi ba ne. Yaro yana da damar tsayar da ita ya yi tambaya. An kuma yi wa abin iyaka, ba a tatsuniya da rana, sai an gama aiki an ci tuwon dare, sannan in an zo rufewa sai mai bayarwa ta shaida wa kowa cewa ƙarya ce ta shirya. Ko da Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya zo mayar da tatsuniyoyi cikin littattafai shida na Tatsuniyoyi da Wasanni domin 'yan makaranta a farkon shekarun 1970, sai da ya zaɓa ya tace, domin ya san littafi ba shi da idon da zai ga fuskar yaro.

Akwatin talabijin ba ya taɓe baki, ba ya tsallake wuri, ba ya amsa tambaya. Abin da ya nuna wa ɗan shekara goma sha biyu shi zai nuna wa ɗan shekara uku, da ƙara ɗaya, da sauri ɗaya. A ajin da muke koyarwa ma ba ma haɗa 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare da 'yan aji shida mu karantar da su littafi guda, amma a gida mun haɗa mai tatata da wanda ya kusa balaga a gaban fim guda, mun ja ƙofa mun fita. Laifin da muke gani a nan ya fi na kamfanin da ya yi fim ɗin girma, domin shi kamfani kasuwarsa yake ci, bai kuwa taɓa yi mana alƙawarin zai raina mana 'ya'ya ba.

GA MASU CEWA A HARAMTA

Mu juya ga ɗaya maƙwabcin namu da ire-irensa. Maganar hukuncin zanen abu mai rai a addini mun bar wa malamai, ba fagenmu ba ne. Kuma ba mu ce tsoronsu ba shi da tushe ba. A 2022 ƙasashe da dama, ciki har da Saudiyya da Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, sun ƙi yarda a nuna katun ɗin Lightyear na kamfanin Disney a gidajen sinimarsu saboda wani wuri da aka nuna mace tana sumbatar matar da ta aura. Iyaye suna da haƙƙin su ce ba sa son wannan a gidansu. Amma a lura, waɗancan hukumomi sun nuna takamaiman wurin da ba su yarda da shi ba a fim ɗin. Wannan daban ne da mutumin da zai yanke wa dubban fina-finai hukunci guda bai ga ko ɗaya ba.

Mu marubutan Hausa mun fi kowa sanin ɗacin irin wannan kuɗin goro. Tun cikin shekarun 1990 aka yi ta muhawara a jaridu a kan littattafan da aka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano, aka haɗa mai kyau da maras kyau aka ce duk masu ɓata tarbiyya ne. A 2007 har cinna wa littattafan soyayya wuta aka yi a bainar jama'a a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Shin 'yan mata sun daina karantawa? Labaran sun bar takarda sun koma cikin waya, inda babu edita, babu maɗaba'a, babu mai ganin abin da ake rubutawa. Wanda aka taɓa ƙona wa littafi ba tare da an karanta ba, bai kamata a same shi a sahun masu neman ashana ba. Ban da haka, in ka hana yaro kallo a gidanka ba ka ba shi madadi ba, gidan maƙwabta zai tafi, inda ba ka da ido ba ka da baki.

LAIFINMU MU MARUBUTA

A nan ne maganar ta dawo kanmu, 'yan uwa. A shekarar 1937 Walt Disney ya fitar da dogon katun ɗinsa na farko, labarin gimbiya da wadanni bakwai, wanda ya ɗauko daga tatsuniyoyin da 'yan uwan nan biyu Jamusawa masu suna Grimm suka tara. A daidai wannan lokaci ne Alhaji Abubakar Imam yake Zariya yana fitar da Magana Jari Ce, kuma masana sun tabbatar cewa daga cikin rijiyoyin da ya ɗebi ruwa akwai waɗannan tatsuniyoyi na Grimm, da Alfu Laila, da wasu littattafan Gabas da na Turai. Imam bai ce a haramta labaran baƙi ba, bai kuma juye mana su yadda suke ba. Ya tuɓe musu kwat ya sa musu babbar riga, ya ba su sunayenmu da garuruwanmu, ya sa aku ya zama mai ba da labari a fadar sarki. Har gobe akwai wanda zai rantse maka cewa a ƙasar Hausa aka haifi waɗannan labarai. A nan Kaduna kuma gidan talabijin ya mayar da littafin wasan kwaikwayo, da marigayi Ƙasimu Yero a cikin 'yan wasa, iyali suka riƙa zama tare suna kallo.

To mu me muka yi? Mu duba teburin masu sayar da littattafai a Kasuwar Barci ko a bakin masallatan Juma'a, mu ƙirga littattafan hira nawa ne aka rubuta da Hausa domin ɗan shekara shida. Mu duba kanmu a taron ƙungiya na wata-wata, mutum nawa ne ya taɓa tashi ya karanta labarin yara? Kowa soyayya, kowa siyasa, kowa waƙa. Muna ganin rubuta wa yaro ƙasƙanci ne, alhali ya fi wuya, domin yaro ba ya jin kunyar ajiye littafin da bai yi masa daɗi ba. Wasu 'yan ƙasarmu sun motsa. Adamu Waziri ya fara katun ɗin Bino and Fino a Abuja tun 2010. A 2020 aka fitar da Lady Buckit and the Motley Mopsters, dogon katun da aka yi a Nijeriya. A 2024 kamfanin Kugali ya haɗa hannu da Disney suka fitar da Iwaju, wanda aka gina a kan birnin Legas. Ina Gizo? Ina Ƙoƙi? Ina Botorami? Masu zane da kwamfuta suna nan birjik a Kaduna da Kano, matasa ne masu hannu, amma mai zane ba zai zana iska ba, sai an ba shi labari. Labarin kuwa aikinmu ne. Mun bar gona ba shuka, yanzu muna zagin ciyawa.

HUKUNCINMU

Domin kada a ce mun yi ta kewaye-kewaye, ga matsayinmu a fili. A ganinmu Shrek bai dace da yaron da bai kai shekara bakwai ba, ko da babba ko babu, domin abin da zai amfane shi a ciki ya fi ƙarfin fahimtarsa, abin da zai kwaikwaya kuwa a buɗe yake. Daga bakwai zuwa goma sha biyu ana iya barinsa ya kalla, da sharaɗin uwa ko uba sun riga sun gani, kuma ɗayansu yana zaune a wurin, ya yi aikin da kaka take yi: ya tsallake abin tsallakewa, ya amsa tambaya, in an gama ya tambayi yaro abin da ya fahimta. Wanda ya ce ba shi da minti casa'in da zai duba abin da za a zuba wa ɗansa a ƙwaƙwalwa, to ya tuna awa nawa yake kashewa a majalisa ko a kallon ƙwallon Turai. Wannan ma'auni bai tsaya ga Shrek kaɗai ba, ya hau kan kowane katun, har da wanda aka fassara da Hausa, domin fassara ba ta wanke abin da ke cikin hoto, wani lokaci ma mai fassarar ne yake ƙara nasa gishirin.

Ga ƙungiyarmu kuwa muna da roƙo guda uku, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu. Na farko, wannan mujalla ta ware shafi biyu a kowace fitowa domin sharhin fina-finai da littattafan yara da Hausa, a faɗi abin da ke ciki filla-filla da shekarun da ya dace da su, yadda uwar da ba ta jin Turanci za ta san abin da ke shiga ɗakinta. Na biyu, kowane reshe ya keɓe zama ɗaya a shekara wanda ba za a karanta komai ba sai labarin yara, a kuma gayyato yaran su zama alƙalai. Na uku, mu nemi matasan nan masu zane, mu ba su gajerun labarai na minti biyar-biyar su gwada hannunsu. Ba sai mun jira dala miliyan ba. Mustafa Alasan bai jira ba.

Kwaɗon nan dai mun sa yaran sun sake shi, ya yi tsalle ya faɗa kwata, ba mu san ko ya rayu ba. Yaran kuma ba mu doke su ba, domin sun yi abin da yaro yake yi ne, wato kwaikwayon abin da aka nuna masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma in mai gona bai tanƙwara ba, iska za ta yi masa aikin, ta kai shi inda ta ga dama. Muna maraba da martani daga duk wanda yake ganin mun yi kuskure, amma muna roƙon alfarma guda, ya kalli fim ɗin tukuna kafin ya rubuto. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa mu fi ƙarfin alƙalumanmu, amin.

Kinkinau, Kaduna.